Famfon da Na Kwance da Kafet ɗin Masallacin Unguwa

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a Sabha, a ƙasar Libiya, na yi aiki a wani wurin wankin mota a unguwar Jadid. Ƙaramin wuri ne. Rumfar kwano ce, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da tankin ruwa a bayan gini, sai injin wanki guda ɗaya wanda abincinmu gaba ɗaya a kansa yake. Mu biyu ne ma'aikata, ni da abokina, mutumin Maraɗi, wanda muke ɗaki ɗaya da shi. Maigidanmu Balarabe ne ɗan garin, dattijo mai sauƙin kai. Ba ya faɗa, amma idan ya kalle ka ta saman tabarau za ka gwammace a ce zagin ka ya yi.

Ranar da ya ɗauke ni aiki, a bakin titin da masu neman aikin yini ke taruwa, ya tambaye ni ko na san inji. Na ce masa ai ni makanike ne. Gaskiyar magana, abin da na taɓa gyarawa a Kano keke ne, shi ma faci da ɗaurin birki. Amma a lokacin gani nake duk abin da aka ɗaure da noti, kwance shi ake yi a mayar, shi ke nan. Abokina yana tsaye ya ji ni. Sai da muka koma ɗaki ya ce, "To, makanike, Allah shi sa kada injin ya ji labari."

Ga wanda bai san irin injin ba: na'urar lantarki ce, wadda muke kira mota, take juya wani famfo mai kan tagulla. Ruwa yana shigowa daga tanki ta tiyo, famfon ya matse shi, ya tura shi da ƙarfi zuwa bindigar da kake riƙe da ita. Akwai ɗan agogo a jiki da ke nuna ƙarfin ruwan. A daidai inda ruwa ke shiga famfon kuma akwai wata 'yar matata, kamar rariyar shayi, a cikin kofin roba. Aikinta ta tare yashi.

To ruwan Sabha kuwa akwai yashi, mai laushi kamar garin tuwo, ga kuma gishirin da ke barin fari-fari a jikin ƙarfe. Idan ruwan layi ya ɗauke muka sayi na tanka, abin ya fi muni. A wannan bazarar matatar nan ta dinga toshewa. Ina tsaka da wanke mota sai ƙarfin ruwa ya ragu, in kashe inji, in kwance kofi, in wanke, in mayar, mai mota yana tsaye yana duba agogon hannunsa. Wata rana sau uku na yi haka kafin azahar. A na huɗu sai na tsaya na kalli abar nan a tafin hannuna, na ce a raina, ashe ke ce mai hana ruwa wucewa. Na cire ta, na mayar da kofin babu komai a ciki, na jefa ta cikin gwangwanin da muke tara tsofaffin kusoshi.

Na kunna inji, ruwa ya fito da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Abokina ya leƙo daga cikin rami ya ce, "Mi ka yi mashi?" Na ce sirrin sana'a ne. Da maigida ya zo da yamma ya ga motoci suna fita da wuri, ya dafa kafaɗata ya ce da Larabcinsu, lallai ya yi dacen ma'aikaci. Ranar har tafiyata sai da ta canza.

Aka yi kusan mako uku a haka. Sai maigida ya shirya tafiya Tarabulus, zai kai mahaifiyarsa ganin likita. Kafin ya tafi ya kira ni gefe ya ce akwai alƙawarin da ya ɗauka. Kowace shekara yakan wanke kafet ɗin masallacin unguwa kyauta, sadaka ga mahaifinsa da ya rasu. Ladan zai kawo su ranar Laraba, kuma dole su koma kafin Juma'a. Ya ce, "Motoci su jira, wannan shi ne gaba." Na buga ƙirji na ce ya tafi hankali kwance.

Laraba da hantsi ladan ya iso da akori-kura biyu cike da kafet. Tsoho ne siriri, mai fara'a, kullum da alewar na'ana'a a aljihu. Muka shimfiɗa su a filin siminti, dogaye, koraye, masu zanen sahu. Ni da wayona na ce mu jiƙa su duka mu zuba musu sabulu lokaci ɗaya, mu goge da burushi, sannan mu bi su da bindiga mu ɗauraye. Abokina ya ce da mun yi ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa haka ake yi a manyan kamfanoni. Ban taɓa shiga babban kamfani ba.

Mun gama sa sabulu, na ɗauraye na farko, ina kan na biyu, sai bindigar ta fara harbi a hannuna. Ruwa ya fito, ya tsaya, ya fito, ya tsaya. Tiyo yana ta tsalle a ƙasa kamar an taka maciji, allurar agogo tana rawa. Famfon kuma ya koma wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kafin minti biyar ruwan da ke fita daga bindigar bai fi na buta ƙarfi ba.

Na kashe, na kunna. Na zare bakin bindiga na tsokane shi da allura. Na bubbuga kan famfon da sifana, wai ko zai farfaɗo. Babu abin da ya canza. Abokina ya ce mu kira maigida. Na ce haba, mutum yana asibiti da mahaifiyarsa za mu dame shi da ƙaramin abu? Ban gaya masa cewa tsoro nake ji ba, don tun a lokacin zuciyata ta fara raya mini gwangwanin kusoshi.

Na ɗauko sifana na hau kwance kan famfon. Akwai manyan murafe shida, uku a sama, uku a gaba. Ƙarƙashin kowanne akwai ɗan bawul, ƙarami kamar kan yatsa, da ɗan sifirin a ciki. Na fito da su na jera a kan kwali ina kallon su, su ma kamar suna kallo na. Na ɗauki ɗaya na matsa shi da farce don in ga yadda yake aiki, sai ya ɓalle, sifirin ya yi sama. Mu biyu muka bi shi da ido har ya faɗa cikin magudanar ruwan wanki, inda duk laka da baƙin man motocin Jadid suke taruwa.

Mun fi awa ɗaya muna lalube a cikin lakar nan. Mun samo kwabbai, da maɓalli, da cokalin shayi, amma ban da sifirin. Daga ƙarshe na zaro biro daga aljihuna, na kwance shi, na ciro nasa sifirin, na datse shi da filaya, na cusa a bawul ɗin. Abokina ya riƙe haɓa ya ce, "Wannan ma sirrin sana'a ne?" Na mayar da komai na ɗaure, na kunna. Injin ya yi wani irin tari, ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashinsa, bindiga kuwa ko na butar ma ta daina bayarwa.

Rana ta take, sabulu ya fara bushewa a jikin kafet, suna yin tauri kamar kilishi. Muka koma ɗibar ruwa da bokiti muna watsawa, muna tattakawa da ƙafa. Wanda bai taɓa ɗauraye kafet ɗin masallaci da bokiti ba bai san yawan kumfar da ke duniya ba. Ka zuba bokiti goma, ka taka, kumfa ta sake tasowa tsakanin yatsunka. Har la'asar ko rabin guda ɗaya ba mu gama ba.

Da muka je sallar la'asar na ga abin da na jawo. Masallaci fayau, sai tayil. An shimfiɗa 'yan tabarmi a sahun gaba, sauran mutane kowa da dabararsa, wani da darduma daga gida, wani da kwalin firij. Wani tsoho mai ciwon gwiwa yana ta neman inda zai sa ƙafa. Bayan an idar ladan ya tare ni a bakin ƙofa, ya miƙo mini alewa, ya ce, "Gobe in sha Allah?" Na ce in sha Allah, murya can ƙasa. Da magariba maigida ya bugo waya yana tambayar aiki. Na ce masa komai bahi, wato lafiya lau. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ni kuwa kowace kalma kamar ana ɗora mini bulo a ka.

A nan ne abokina ya kawo maganar wani dattijo, mutumin Damagaram, da suka taɓa aiki tare a gonakin Samnu, wani gari da ke da ɗan nisa daga Sabha. Ya ce shekarunsa sun fi ashirin yana kula da injinan ban-ruwa da na feshin dabino, Larabawan yankin har gida suke zuwa ɗaukar sa. Na ce, "Badamagare? Ni Bakano in kai ƙara wurin Badamagare?" Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Abokina ya ce, "To zauna, Juma'a ka hau mumbari ka yi ma mutane bayani."

Alhamis bayan sallar asuba muka kwance famfon gaba ɗaya daga jikin motar lantarkinsa, muka sa a buhu, muka sake jiƙa kafet muka lulluɓe su da leda don kada su bushe. Wani mai kai kayan miya kasuwa da zai koma Samnu ya ɗauke mu a bayan motarsa, tsakanin kwandunan tumatir da babu komai a ciki. Na rungume buhun nan a cinya har muka isa, kamar mai kai mara lafiya.

Mun same shi a ƙarƙashin dabino, kusa da ɗakin injin rijiya, yana hura gawayin shayi. Gajere ne, baƙi, da farin gemu kaɗan, hannuwansa kamar itace. Abokina ya gaishe shi ya gabatar da ni. Da ya ji daga inda na fito sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "A'a, yau bawana ne ya zo gaishe ni? Zauna, zauna. Me ka ɓata?"

Na ce, "Baba, ba ni na ɓata ba, inji ne ya lalace."

Ya ce, "Haka kowa yake cewa."

Na fara kwance bakin buhu, ya ɗaga hannu ya ce in bari. Sai da ya zuba mana shayi, sannan ya fara yi mini tambayoyi kamar likita. Wane ruwa muke sha da shi, na layi ko na tanka? Tankin yana sama da injin ko ƙasa? Da abin ya fara, ƙarfin ne ya ragu a hankali, ko harbi ya dinga yi? Wane irin ƙara na ji? Yaushe rabon da a canza mai? Idan na saki bindiga nakan bar injin yana ta aiki, ko kashewa nake yi? Ni duk na ƙosa, ina tuna kafet a ƙarƙashin leda, shi kuwa yana kurɓar shayi. Na ce, "Baba, lokaci fa." Ya ce, "Jiya da ka yi sauri, ina ka kai?"

Da ya gama ya shimfiɗa wani tsohon farin rawani a kan tabarma, ya ɗora famfon. Abin da ya fara yi shi ne buɗe wurin mai ya tsiyaya kaɗan a murfin kwalba. Man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa. Ya nuna mini ya ce, "Ka gani? Ruwa ya shiga mai. Juwan sun mutu." Juwan shi ne robobin da ke hana ruwa tsallakawa, mu a Kano sil muke cewa. Sannan ya kwance murafen nan shida, yana ajiye kowane bawul a gefen da ya fito, ba kamar ni da na tara su wuri ɗaya ba. Ya ɗaga ɗaya ya saita shi da rana, ya ce in duba. Ga ƙwayoyin yashi nan sun maƙale a inda ya kamata bawul ya zauna ya rufe ruf. Ya ce, "Wannan ƙofa ce. Ruwa ya shiga, ta rufe, pompi ya tura shi gaba. Idan tsakuwa ta hana ƙofa rufuwa, ruwan baya yake komawa. Shi ne harbin da ka ji."

Ya ci gaba da dubawa. Biyu daga ciki na mayar da su a juye. Ya ɗago ya harare ni. Da ya zo kan na ƙarshe ya buɗe, sai ya tsaya. Ya ɗauko sifirin ɗin da yatsa biyu, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wannan resor ɗin na mene ne?"

Na ce, "Na biro ne, Baba."

Dariya ta kama tsohon nan har sai da ya jingina da dabino. Abokina da ya daɗe yana riƙe tasa shi ma ya saki. Baba yana share hawaye yana cewa, "Shekara ashirin ina wannan aiki, na ga waya, na ga tsumma, na ga ƙyallen takalmi a cikin pompi. Biro sai da Bakano ya zo. Wasiƙa kake so ya rubuta maka?" Ni ma daga baya na shiga dariyar, don babu abin da ya rage.

Daga nan ya kama aiki, kuma ya sa ni a gaba, komai da hannuna. Muka jiƙa bawul ɗin a ruwan khal, wato binega mai tsami, har farin gishirin ya narke, na goge su da tsohon burushin haƙori. Ya shiga ɗakin inji ya jawo wani mataccen famfon feshi da aka kawo masa daga Zighan, ya ciro sifirin da ya yi daidai da namu. Robobi kuwa yana da sababbi a cikin gwangwanin madara, a nannaɗe da leda. Ya nuna mini yadda ake shafa musu ɗan man giris, da fuskar da ke kallon ruwa, da yadda ake tura su da yatsa ba da sukundireba ba. Ya sa na shafa sandunan famfon guda uku da farce in ji ko akwai tsaga. Allah ya taimake ni babu. Muka zubar da farin man, muka zuba sabo daidai tsakiyar ɗan gilashin da ke gefe. Wurin ɗaure kan famfon ma sai da ya hana ni bin notin a jere. Ya ce a ɗaure wannan kaɗan, a tsallaka na can, a dawo, har su zauna tare.

Na zaci mun gama, na fara godiya. Sai na ga yana sa takalmi. Ya ce, "Yashin nan ba daga sama ya faɗo ba. In ban ga inda ya shigo ba, jibi za ka dawo mini da fensir." Ya je ya gaya wa mai gonar, ya tayar da wata tsohuwar mota da ƙofarta ɗaya ke ɗaure da igiya, muka kamo hanyar Sabha.

Mun iso bayan azahar. Ladan yana wurin, shi da wasu dattawa uku na masallaci, sun ɗaga leda suna kallon kafet ɗinsu. Baba ya gaishe su da Larabci mai kyau, ya wuce bayan gini kai tsaye. Ya leƙa tanki, ya zura sanda, ta fito da laka kusan taƙi guda. Ya bi tiyon da hannu tun daga tanki, yana matsawa, yana duba ko akwai inda yake shan iska. Dattawan suna biye da shi, ni ina bayansu. Ya iso kan kofin roba, ya kwance shi, ya leƙa ciki.

Na san abin da ya gani, domin babu abin da zai gani.

Ya ɗago ya kalle ni. Dattawan nan huɗu suna tsaye, suna jiran ya gaya musu abin da ya sa suka kwana biyu suna sallah a kan kwali. Sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya sassauta murya kamar mai tambayar hanya, ya ce, "Ɗana, ina ka ajiye ta?"

Tun safe bawana yake ce mini, sai yanzu ya ce ɗana. Na ce, "Tana cikin gwangwanin kusoshi, Baba."

"Je ka ɗauko. Kada ka yi gudu."

Na tafi a hankali na ɗauko. Ya karɓa, ya wanke, ya mayar. Ladan ya tambaye shi mene ne matsalar. Ya ce masa, "Yashi ne, ya Haj. Yashin garinku ya fi son inji a kan sahara." Suka yi dariya, magana ta wuce.

Muka ɗaura famfon. Na kai hannu zan kunna, ya buge mini hannu. Ya ce a fara buɗe ruwa, a matsa bindiga injin yana kashe, a bar ruwa ya zuba har sai ya daina tofar da iska. Muka yi haka. Sannan ya ce, "Bismilla." Na danna. Injin ya ɗauka da wata murya mai santsi da na manta yana da ita, allurar agogo ta hau ta tsaya cak. Na matsa bindiga a kan kafet, kumfa ta dinga gudu gabana, koren launi yana fitowa. Ladan ya ɗaga hannu sama yana hamdala.

Abin da ya biyo baya shi ne yinin da na fi jin daɗinsa a duk zamana na Libiya. Dattawan nan suka naɗe jallabiyoyinsu suka shiga aiki. Labari ya kai unguwa, mutane suka fito, wani da abin jan ruwa na goge tayil, wani da tsani. Ni ina ɗauraya, abokina da mutum biyu suna matse ruwa, sauran suna ɗauka su shanya a kan katangu. Wani gida suka aiko da babban faranti na taliyar nan tasu mai jan miya da yaji, muka ci a tsaye. Baba yana zaune a kan bokiti da shayinsa, aikinsa kawai ya daka mini tsawa duk lokacin da na saki bindiga na bar inji yana aiki. "Kashe shi. Ruwan yana zagaye a ciki yana zafi, zai dafa maka juwan." Kafin magariba mun gama na ƙarshe. Katangun layin gaba ɗaya sun koma kore. Baba ya ƙi kwana, ya ce injinan rijiyarsa ba su san Juma'a ba. Na bi shi har mota ina godiya, ya ce in riƙe godiyata, in wanke tanki.

Zafin Sabha ya yi mana rana. Juma'a da hantsi kafet sun bushe, muka kwashe muka shimfiɗa, masallaci yana ta ƙamshin sabulu. Guda ɗaya ne kawai, wanda muka wanke a ƙarshe, gefensa bai gama bushewa ba. Muka sa shi a sahun baya, can lungu. Da lokacin sallah ya yi na riga kowa zuwa na zauna daidai wurin danshin, na jawo abokina ya zauna a kan sauran. Huɗubar ranar ta yi tsawo. Da aka idar muka tsaya a zaune muna ta tasbihi har masallaci ya watse, mutane suna wucewa suna yaba ibadarmu, alhali wandunanmu ne suka jiƙe sharkaf, ba mu da halin tashi.

Maigida ya dawo ranar Lahadi, mahaifiyarsa ta samu sauƙi. Tun kafin ya iso wurin aiki an tare shi a hanya an ba shi labarin yadda unguwa ta haɗu aka wanke kafet, da yadda ma'aikacinsa ya je har Samnu don ya cika masa alƙawari. Ya shigo yana murmushi. Da na yi shiru, da a haka maganar za ta tsaya, domin Baba bai faɗa ba, abokina ma ba zai faɗa ba. Amma addu'ar da ya yi mini a waya ta tsaya mini a rai. Na ce masa ina da magana. Da guntun Larabcina da nuni da hannu na gaya masa komai, tun daga matatar har biro, har da cewa ni ba makanike ba ne, faci nake yi.

Ya kalle ni ta saman tabarau, kallon da nake tsoro, ya daɗe. Sannan ya ce, "Na sani tun ranar farko. Makanike ba ya riƙe sifana kamar cokali." Ya ce ya ɗauke ni ne don ya ga ina da ƙarfi kuma ina sallah. Hukuncin da ya yanke mini shi ne in shiga tankin nan in kwashe lakar da hannuna, sannan ya sayo babbar matata aka ƙara a bakin tanki, ya ce kullum da safe kafin in sha shayi in wanke su duka biyun. Bayan haka, duk ranar da aiki ya yi sauƙi, shi da kansa yake cewa in bi motar kayan miya in je Samnu in koyi abin da na ce na iya.

Kusan shekara biyu ina zuwa wurin Baba. A hannunsa na koyi cewa yawancin ciwon famfo ba a cikin famfon yake farawa ba, don haka daga tanki ake fara bincike, a bi ruwa har bakin bindiga, kwance kan famfo shi ne na ƙarshe. Yanzu ya koma Damagaram, yana fama da jikoki. Mukan gaisa ta waya lokaci-lokaci.

Ni ma na dawo gida, kuma gyaran injinan wanki shi ne sana'ata a yau. Idan na tuna wannan mako, ba yashin ko robobin ne suke fara zuwa mini ba. Abin da ke zuwa shi ne yadda tsohon nan, wanda ya yini yana tsokana ta, ya samu damar da zai kunyata ni a gaban mutane da gaske, sai ya sauke murya. Tun daga lokacin na gane cewa kusan duk wanda ya kawo maka inji ya taɓa wani abu a jikinsa, kuma yana jin kunyar faɗa. Idan ka tambaye shi a gaban yaransa ko abokan aikinsa zai rantse bai taɓa ba, kai kuma ka ɓata yini kana neman abin da shi ya sani. Shi ya sa nakan ce ya zo mu duba wani abu a bayan shago.

A watan jiya wani mai wurin wanki, babban mutum da furfurarsa, ya zo da mutanensa uku da famfo yana wari kamar an soya ƙosai a ciki. Na ja shi baya na ce, "Alhaji, tsakanina da kai, me aka zuba masa?" Ya waiga hagu da dama, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Man gyaɗa. Na inji ne ya ƙare, kuma ga layi." Na ce masa ba komai, na ga wanda ya yi abin da ya fi haka, kuma yana nan da ransa yana cin abinci da sana'ar. Muka koma gaban shago na ce wa mutanensa man ne ya tsufa.